Littafin da Na Karanta wa Masu Jego

Kwana biyar da binne ɗana aka kawo mini wani ƙaton ambulan daga Kano. Direban motar haya ne ya ajiye shi a zauren gidanmu na Kazaure, yayana ya shigo da shi ya miƙa wa Gwaggo. Ta juya shi gaba da baya, ta ɗora mini a cinya, ta ce tunda ni ce mai boko sai in duba abin da gwamnati take nema a wurina. Ba gwamnati ba ce. Wata abokiyar karatuna ce ta makarantar horon malamai mata, wadda ta sami aikin ofis a Kano lokacin da ni aka tura ni koyarwa Gwiwa, inda mijina ma yake koyarwa. A ciki akwai damin takardu da aka buga da tafireta, da 'yar wasiƙa a sama. Ta ce ta ji na sauka lafiya, tana yi mini barka, Allah ya raya. Ta ce ta rubuta labari a kan wasu masu jego uku da ƙawancensu, amma ita ba ta taɓa haihuwa ba, don haka tana roƙona in karanta wa masu jego na gaske, in rubuto mata abin da suka ce, ba ƙari ba ragi. Na karanta wasiƙar sau biyu, na ninke ta na tura ƙarƙashin tabarma. Ban ji haushinta ba, labari ne bai kai mata ba.

A lokacin ba abin da nake jin haushinsa, ba kuma abin da nake jin daɗinsa. Yaron kwana goma ya yi a duniya. An yi suna lafiya, an ci an sha, washegari ya ƙi kama nono, jikinsa ya riƙa sanƙarewa. Kafin a gama shawarar a kai shi asibiti ko a jira mai magani, mai abu ya karɓi abinsa. Ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ni kaina 'yar fari ce a ɗakin mahaifiyata, shi ya sa Gwaggo, yayar mahaifina, ta raine ni, ita ce kuma ta tsaya mini a jegon. Mata suna shigowa gaisuwa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, suna fita suna yabon haƙurina. Har yau yabon nan yana ba ni haushi in na tuna shi. Ba haƙuri nake yi ba. Mai haƙuri yana da abin da yake dannewa, ni kuwa na laluba ko'ina a cikina ban tarar da komai ba.

Wanka dai ba a fasa ba. Gwaggo ta ce ba don ɗa ake yinsa ba, don uwa ake yi, jikin da ya haihu ya haihu, sai na cika arba'in ɗina in ba so nake in kumbura ba. Mu uku ne a wankan. Da ni, da matar yayana, 'yar Roni, wadda nake kira Yaya, haihuwarta ta uku ke nan kuma tagwaye ta zubo. Sai ƙawata ta gidan da ke jikin namu, wadda muka taso tare tun muna dafa ƙasa a gwangwani, aka kai ta aure Babura, ta dawo goyon ciki kamar yadda na dawo. Damina ce, itace ya jiƙe ya yi tsada, sai tsofaffin gidajen biyu suka haɗa wuta ɗaya. Yayana ya samo rabin duro a wajen masu shimfiɗa kwalta, aka ƙone shi aka kankare, aka girka a bayan ɗakin Gwaggo. Akwai kafa a katangar da ta raba gidajen, ta nan ƙawata take ɓullowa safe da yamma, ba ta taka waje ba balle a ce mai jego ta fita yawo. Gwaggo ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mana ɗaya bayan ɗaya. Yaya tana ihu tana rantsuwa daga wannan ta tuba, ƙawata tana cije leɓe, ni kuwa sai na ga tururi yana tashi a fatata sannan nake sanin an zuba. Bayan wankan safe sai mu zauna a rumfa mu sha kunun kanwa.

Ƙawata ta haihu kwana uku kafin rasuwar nawa, namiji, shi ma ɗan fari. Kakarta ce take yi mata jego, wata doguwar tsohuwa mai jin Fillanci wadda duk unguwa ke kira Inna. A kwana na uku Inna ta yi abin da aka saba: ta tatsi nonon ƙawata a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki. In tururuwa ta fito da ƙafarta, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, mugun nono ne, ba a ba wa yaro. Tururuwar da aka jefa a na ƙawata ta mutu. Aka yi ta ɗirka mata jiƙe-jiƙen wanke nono, ran suna aka sake gwadawa, ta sake mutuwa. Mijinta ɗan kasuwa ne mai ƙetara iyaka, aljihu ɗaya naira ɗaya sefa, sai ya aiko da katan guda na madarar gwangwani da bulumboti har biyu. Shekarun da kuɗi suka shigo ƙasa ne, kowa gani yake abin da ke cikin gwangwani ya fi na jikin mutum. Aka kawo mini gwangwanin in karanta yadda ake haɗawa, na duba na ga Faransanci ne, na mayar musu. Inna ta riƙa haɗawa da ido, da ruwan randa. Ba a yi kwana huɗu ba yaron ya kama zawo.

Ni kuma nono ya cika mini ƙirji ya yi tauri, ga zazzaɓi. Gwaggo takan tatse mini a wurin wanka ta zubar a gindin katanga, ta ɗaure ni da zani tamau, kafin azahar zanin ya jiƙe. Haka muke zama a rumfa, ni da nono ba ɗa, ita da ɗa ba halin ba shi, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Yaya ba ta da abin bayarwa, tagwayenta ma da ƙyar take ƙosar da su. Kowa ya ga abin da ya kamata a yi, ba wanda ya faɗa. Ƙawata ba ta da bakin roƙa wa ɗan fari komai a gaban manya. Ni kuma na san abin da ake raɗawa a unguwa, wai yaron da ya mutu yana kan nono, a binciki nonon. Nawa ba a taɓa gwada shi ba, Gwaggo ce ta hana tun farko, ta ce ita ba ta wasa da ƙwari. Na san Inna ba za ta bari jininta ya taɓa ƙirjina ba sai ta jefa tururuwarta. Na yi shekara biyar a makarantar malamai, na tsaya gaban allo na koyar da tsabta da kiwon lafiya, na san tururuwa ko a ruwan Zamzam aka jefa ta tana iya nutsewa. Duk da haka ba na son ganin abin da za ta yi a nawa. In ta mutu, an gaya mini ke nan wanda ya kashe ɗana, kuma a gaban jama'a.

Yaya ce ta tono takardun. Ta ɗaga tabarma tana neman 'yar safar ɗaya daga cikin tagwayenta, ta ci karo da su.

“Malama, waɗannan fa? In ba su da amfani ki ba mu mu hura wuta, itacen nan ya ishe ni da hayaƙi.”

Na gaya mata abin da ke ciki da abin da mai shi take so. Ta kwashe da dariya har kunu ya sarƙe ta.

“Wadda ba ta haihu ba ita ce za ta ba mu labarin jego? To bisimilla, mu ji yadda ake yi, ƙila mu ne ba mu iya ba.”

Na fara karantawa ne don ba ni da dalilin ƙi. Kwafi na uku ne na takardar kabon, rubutun ya dushe, wani wurin sai na ɗaga takardar sama na kalli haske. Muryata kuma ba hawa ba sauka, yadda nake kiran sunaye a aji da safe. Na samo wani tsohon littafin rubutu na ja layi a tsakiya, duk wadda ta yi magana in rubuta. Aikin ya yi mini daidai, don hannuna yana motsi ba sai na yi tunani ba.

Labarin wasu mata uku ne a gidajen ma'aikata a Kano. Mako ɗaya suka haihu, ɗaki ɗaya a asibiti, gado kusa da gado, daga nan suka saba. Mazajensu masu albashi ne, ba wata tsohuwa a tare da su, sai su da jariransu da rediyo. Kullum in maza sun tafi aiki sai su taru a falon ɗaya, su sha shayi, su yi hira, ranar awo su yi kwalliya su tafi tare. Ɗaya malamar makaranta ce, ɗaya 'yar ƙauye ce da birni ya ruɗa, ta ukun wata ƙatuwa ce mai ci da barkwanci.

Ban yi nisa ba Yaya ta ɗaga hannu.

“Tsaya, tsaya. Shafi nawa kika yi yanzu?”

“Ashirin.”

“Shafi ashirin ba wadda ta yi wanka? Rubuta ki ce mata su ukun nan duk sai sun kumbura kafin arba'in.”

“Suna da famfo a ɗaki, Yaya.”

“Famfo ne yake gasa jiki? Rubuta abin da na ce. Ki ƙara da cewa jariran nata ba sa kashi ne? Tun ɗazu nake jira in ji an wanke wani, shiru. Kuma ba sa kuka sai an gama magana. In a Kano ake sayar da irinsu ta aiko mini da biyu in ba ta nawa.”

Na rubuta duka. Amma da aka zo inda ƙatuwar nan ta cinye naman da mijinta ya ɓoye wa baƙonsa, ta ce masa kyanwa ce, Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan ta san ta, a Roni take, ƙanwar babarta ce. Daga ranar ba ta sake yarda a ce mutanen ƙirƙira ba ne. In na ce mu tsaya, sai ta ce in ƙara ko shafi ɗaya ne, ta ji ko mijin ya gane.

Gwaggo tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta juya mana baya, wai ita ba ta sauraren ƙarya. A rana ta uku muka kai inda surukar malamar nan ta zo daga ƙauye ganin jika. Malamar ta ɗaga ɗanta na fari a gaban surukar, ta sumbace shi a goshi, ta kira sunansa ɓaro-ɓaro har sau biyu. Gwaggo ta saki gyaɗar hannunta.

“A'uzubillahi. Wannan 'yar gidan wace ce?”

“Ba 'yar gidan kowa ba ce, Gwaggo, ƙirƙirar ta aka yi.”

“To ita wadda ta ƙirƙire ta ba ta da uwa ne? Rubuta ki ce na ce ta cire wurin nan. In 'yan mata suka ji, gobe sai su ce haka ake yi.”

Na rubuta. Washegari kuwa ita ce ta fara tambayar inda muka tsaya, tana yi tana harare-harare kamar wani ne ya aike ta.

Ƙawata ba ta ce uffan ba duk kwanakin nan. Takan zauna ta jingina da ginshiƙin rumfa, kwaryar kunu a gabanta har ya huce. Yaron yana can gidansu a hannun Inna, muna jiyo kukansa ta kan katanga. Ran farko kukan yana katse mini karatu. Rana ta uku sai na yi shiru sannan nake jinsa. Duk sanda ya yi, ƙawata ba ta waiwaya, sai dai in ga babban yatsan ƙafarta yana tona ƙasa. A rana ta huɗu, da Gwaggo ta zaga bayan ɗaki duba wuta, ta matso ta ce in sake karanta mata wurin surukar nan, wai jiya ba ta ji sosai ba. Na sake karantawa. Ta ce, ƙasa-ƙasa, ita dai ba ta ga laifin matar ba. Na tambaye ta in rubuta? Ta ce in rubuta, amma kada in sa daga bakin wa ya fito.

Abin da na tara a littafin nan ya kai shafi goma sha ɗaya. Bayan na koma Gwiwa na kwafe shi tsaf na aika wa mai labarin, na ƙara layi biyu a ƙasa na gaya mata yaron bai zauna ba. Ta rubuto doguwar wasiƙar ban haƙuri, ta ce kunya ta hana ta barci, ta ce kuma za ta sa wanka a littafin. Ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ta yi aure aka tafi da ita Ikko, littafin kuwa ban taɓa ganinsa a kasuwa ba, kuma na duba shekara da shekaru. Iyakar sanina mu biyar ne masu karatunsa a duniya, huɗu a cikinmu ma da kunne suka karanta.

Ta biyar ɗin Inna ce, kuma rana ɗaya tak ta saurara. Rana ta shida ce da fara karatun. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Muna zaune bayan wanka sai ga ta ta sunkuyo ta kafar katanga da yaron a kafaɗa, ta ce ɗakinsu yana yoyo, ta zo ta ɗana rumfarmu. Ta kifa turmi ta zauna. Rabona da ganin yaron kusa tun ran suna. Maɗigarsa ta faɗa, fatar cinyarsa ta yi yaushi ta tattare, yana buɗe baki yana kuka amma sauti ba ya fita sosai. Na kalle shi yadda ake kallon kaya a kasuwa in ba saye za a yi ba, na mayar da idona kan takarda.

Ban taɓa karanta gaba ni kaɗai ba, inda muka tsaya jiya nan nake ɗauka yau. Don haka ban san abin da ke zuwa ba. A labarin, 'yar ƙauyen nan zazzaɓi ya kayar da ita aka kwantar da ita a asibiti, aka bar jaririnta a hannun ƙawayen. Suka ba shi bulumboti ya ƙi, suka ba shi da cokali ya amayar. Sai malamar ta ajiye nata ɗan, ta ɗauki na ƙawarta, ta buɗe riga ta ba shi. Ba ta tambayi kowa ba. Kafin in gane inda zancen ya dosa, bakina ya riga ya shiga ciki, kuma tsayawa a tsakiya ya fi ƙarasawa muni. Na ƙarasa shafin da muryar da na fara. Na ɗauki alƙalami na jira ra'ayi, kamar kullum.

Yaya ce ta fara.

“Wannan ita ce mace. Malama, rubuta, duk littafin nan yau ne aka yi abin hankali. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.”

Inna ta gyara zaman yaron a kafaɗarta. Ba ta kalli kowa ba.

“Hankali? Ta tambayi mijinta? Nono ai da mai shi. Gobe yara su girma su ga juna su so, a ce musu 'yan'uwa ne, wa ya jawo?”

“Inna, Allah ya ba ki haƙuri, ai sai an rayu ake aure.”

“Ke dai bakinki ya fi ki girma. Kuma wa ya duba nonon nata? Haka kawai a ɗauki ɗan mutane a liƙa masa abin da ba a san lafiyarsa ba?”

Ina ta rubutawa. Gwaggo ta ture kwaryar gyaɗarta gefe, ta juyo gaba ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba tun da muka fara.

“Ita ta cikin takarda ban san mijinta ba. Amma akwai wadda na sani, tun ran kasuwa aka aika wa mijinta Gwiwa, ya ce duk abin da manya suka gani shi ke nan.”

Sai da na rubuta kalmar Gwiwa da hannuna sannan na gane mijin wa ake nufi. Na tsaya ina kallon kalmar. Ashe kwana da kwanaki ana ta kewaye ni ana shiri, ni ina nan ina jan layi a littafi.

“Malama.”

Ƙawata ce. Tun da muke ba ta taɓa kirana haka ba, da wani suna na tsokana take kirana tun muna yara. Idonta yana ƙasa.

“Ita uwar yaron, da ta warke, me ta ce wa ƙawar tata?”

“Ba mu kai nan ba.”

“Da ni ce ita,” ta ce. “Da ni ce ita, da ban jira sai an kwantar da ni ba. Da tun ina da baki na durƙusa na roƙe ta. Ki rubuta wannan. Ki sa ni ce na faɗa.”

Inna ta watsa mata wata magana da Fillanci, gajeriya mai kaifi. Ban ji abin da ta ce ba, amma na ga kunnuwan ƙawata sun yi ja. Ba ta janye maganarta ba, ba ta kuma ɗago ba.

Ina so in ce tausayi ne ya kama ni, ko zuciyata ta karye, irin yadda ake faɗa. Ƙarya zan yi. Abin da na ji shi ne zanin ƙirjina ya jiƙe ya yi sanyi, kuma na gaji da shi. Tsoron tururuwar yana nan inda yake, bai ragu ba. Sai dai na ga in na ci gaba da riƙe shi, yaron nan ba zai kai Juma'a ba, kuma a rumfar nan za mu ci gaba da zama ni da uwarsa har mu cika arba'in. Na rubuta abin da ta ce, na sa ita ce ta faɗa, na rufe littafin.

“Gwaggo, a kawo ludayi.”

Inna ta miƙa wa Yaya yaron, ta je gindin katanga inda ruwa bai taɓa ba, ta dawo da tururuwa baƙa a tsakanin yatsu. Ta miƙo ɗaya hannun za ta karɓi ludayin, Gwaggo ta janye.

“Ƙwaron naki ne, 'yar tawa ce. Ni zan riƙe.”

Ta kwance mini zanin, ta tatsa, ba da yawa ba. Inna ta saki tururuwar a tsakiya. Muka haɗa kai mu biyar a kan ludayi ɗaya. Tururuwar ta yi ta wutsil-wutsil tana zagaye, ta nufi gefe ta zame ta dawo, ta sake nufa ta sake zamewa. Na kama ƙirge a zuci, ban san don me ba. Wajen ashirin da biyar ƙafafunta suka fara sanyi. Wajen talatin ta tsaya cak, sai ƙahonninta kaɗai ke motsi. Na ce a raina to, ga amsar ta zo, kuma ban ji komai ba sai bushewar baki.

Sai na ga wuyan hannun Gwaggo ya karkata. Kaɗan ne, bai kai kaurin tsinke ba, amma nonon ya janye gefe ɗaya, tururuwar ta sami ƙasa a ƙarƙashinta. Ta daddafa, ta ja jiki, ta hau bakin ludayin, ta bi mariƙinsa tana barin farin layi a baya. Yaya ta rangaɗa guɗa har tagwayenta suka farka. Na ɗaga ido na dubi Inna. Idonta ba ya kan tururuwar, yana kan hannun Gwaggo. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce alhamdulillahi, nono lafiya lau, ta karɓi yaron daga hannun Yaya ta ɗora mini a cinya da kanta. Ta gani, na gani, Gwaggo ta san mun gani, kuma har ƙasa ta rufe idon su biyun ba wanda ya tayar da zancen. Abin da tururuwar za ta yi da an bar ta, ban sani ba har yau.

Bai kama nan da nan ba, ƙarfinsa ya ƙare. Gwaggo ta ɗiga masa a leɓe, ya lasa, ta sake ɗigawa. A karo na huɗu ko na biyar ya cafka. Zafin ya ratsa ni har tafin ƙafa. Ya rayu, in faɗa tun yanzu. Kwana goma bayan nan aka sake gwada na uwarsa, Gwaggo ce ta riƙe ludayin, tururuwar ta fito, muka riƙa ba shi mu biyu har na koma Gwiwa. Yanzu yana can Babura da jikokinsa, duk sallah sai ya aiko mini da turmin atamfa.

Amma a safiyar nan ban san zai rayu ba, abin da na sani kawai yana tsotsa. Ɗan wata mace ne, ba nawa ba, ba kunya tsakanina da shi, ba wanda zai ce na yi rashin ta ido. Don haka na sunkuyar da kai na kalle shi son raina. Na ga gashin da ya kwanta masa a goshi har kusa da gira, na ga faratansa sirara masu tsini, na ga kunnensa na dama ya ɗan lanƙwashe daga sama kamar an ninke shi an manta. Sai na so in gwada da na nawa, in ga ko haka kunnen jarirai yake. Na nemi kunnen ɗana a kaina ban samu ba. Na nemi goshinsa, na nemi hancinsa. Kwana bakwai na shayar da shi fuskata tana kallon bango, yadda na taso na ga 'ya'yan mutunci suna yi. Na san nauyinsa a hannuna, na san ɗuminsa, iyakar abin da na sani ke nan.

“Gwaggo, nawa ma haka kunnensa yake?”

Tana ɗauraye ludayin ne. Ta tsaya da shi a hannu, ta juyo ta dube ni.

“Ashe ba ki duba ba? Ke 'yar nan, ai kowa tana dubawa in an fita an bar ta.”

Na ce mata ba wanda ya gaya mini.